Jirgin da Dogo Ya Tuƙa

Mama Tela 'ya'ya biyu Allah ya bar mata, duka maza. Babban tun yana yaro ake ce masa Dogo saboda tsawonsa, da ya girma kuma ya zama direban jirgin ƙasa sai 'yan unguwa suka samu abin tsokana, wai sunan ne ya ja shi zuwa layin dogo. Ƙaramin, Auta, malamin lissafi ne a makarantar sakandare, mutum mai shiru-shiru wanda sai an matsa masa yake dariya. Mahaifinsu ya rasu suna ƙanana. Da keken ɗinkin da ke bakin tagar falonta ta raine su, har yau kuma ba ta daina taka shi ba duk da sun sha roƙon ta huta.

Dogo da iyalinsa suna zaune a gidajen ma'aikata kusa da tasha. Auta da matarsa kuwa a gidan Mama suke, a ɗakuna biyun da ke bayan tsakar gida. Matar ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata, har 'yarta Lele mai shekara huɗu in tsiyarta ta motsa haka take kiranta. Nas ce ta kawo hayaniya gidan. Tana dawowa daga aiki za ta jefa jakarta a kan tarin yadunan mutane, ta kama hannun Mama ta auna mata jini ko tana so ko ba ta so, sannan ta shiga kicin ta ɓoye gishiri. Mama ta yi ta mita a baki, amma in Nas ta makara a asibiti ita ce ta farko da za ta fara leƙen ƙofa.

A daminar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka zaɓi Nas ta je wani ɗan gajeren kwas a babban asibitin birni. Ana gobe za ta tafi, Dogo ya biyo gaishe da Mama da yamma, ya tarar ana maganar motar da za ta hau.

"Mota?" in ji shi. "A wannan ruwan? Kin ga yadda hanyar nan ta koma kuwa? Gobe ni ne da jirgin safe. Ki zo ki miƙe ƙafa, in sauke ki a birni kamar ƙwai."

Nas ta kyalkyale da dariya. "Yaya, jirgin naku da ke tafiya kamar mai ciwon baya? Ai sai an gama kwas ɗin zan isa."

"Ni dai na riga na yi magana da mai mota," Auta ya ce a hankali.

Mama tana zare zare daga bakin wani siket, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Ki bi yayanku, 'yar nan. Hankalina zai fi kwanciya."

Shi ke nan magana ta ƙare. Da safe Nas ta fita Lele na barci, ta leƙo falo ta ce, "Mama, maganinki na kan firij, kada in dawo in tarar ba ki taɓa shi ba."

Hantsi ya ɗaga, Mama tana gwada wa wata mata riga, allura a bakinta, sai maƙwabciyarta ta shigo ba sallama, waya a hannu.

"Mama, wane jirgi Dogo ya ɗauka yau?"

Mama ta dube ta. Fuskar matar ta riga ta faɗi sauran.

Mama da Auta suka ɗauki shatar mota. Hanyar ta yanke a wurare da dama, sai da suka yi ta zagaye ta cikin ƙauyuka. Rana ta karkata kafin su iso wurin. Direban ya rage gudu ba tare da an ce masa ba. Layin jirgin a wurin a kan wani dogon tudun ƙasa yake, gonaki dama da hagu. Wani yanki na tudun ya tafi ɗungurungum, ruwa ya cinye shi, ƙarafunan layin suna rataye a sarari, ba komai a ƙarƙashinsu. Kan jirgin yana kwance a gefensa cikin laka. Taragon farko ya dunƙule kamar gwangwanin da aka taka, na biyu ya hau kansa, sauran sun karkace a baya. Jakunkuna, takalma, kwanukan abinci, duk a warwatse cikin shuka. Auta ya kafa wa layin ido har motar ta wuce.

Asibitin garin da ke kusa ƙarami ne, bai taɓa ganin irin wannan ba. Mutane a kwance har kan baranda. A can Mama ta hango dogayen ƙafafun ɗanta sun zarce gadon da aka ɗora shi. An naɗe masa kai, ƙafarsa ta dama kuwa ba ta iya kallonta sau biyu ba. Yana da rai. Ta dafa ƙirjinsa tana jin numfashinsa, ta yi wa Allah godiya, nan take kuma ta ji kunyar godiyar, domin Auta yana can yana bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya yana kwatanta matarsa.

Daga ƙarshe wani ma'aikaci ya ja shi zuwa wani gini a bayan asibitin. Ya daɗe bai fito ba. Da ya dawo, a hannunsa akwai ƙaramin agogon da Nas ke maƙalawa a ƙirjin rigar aikinta. Ya tsaya a bakin gadon yayansa. Dogo ya buɗe ido da kyar.

"Auta," ya ce. "Tsaya ka ji..."

Auta ya juya ya fita.

Aka yi jana'iza, aka karɓi gaisuwa, mutane suka watse. Tun kafin su gama watsewa magana ta fara yawo. Wasu suka ce gudu direban yake yi don ya cike lokacin da ya ɓata. Wasu suka ce barci ne ya ɗauke shi. Wani ma ya rantse ɗan'uwansa ya gan shi yana waya. Sai kuma wani babban jami'in kamfanin ya fito a rediyo ya ce alamun farko suna nuna kuskuren ɗan'adam ne. Bai ambaci kowa ba, amma ai ɗan'adam ɗaya ne ke gaban jirgin.

Mutane da yawa sun mutu a jirgin nan, kuma da dama 'yan garinsu ne. Aka fara jifan rufin gidan Dogo da duwatsu. Matarsa tana da ɗan shagon kayan masarufi, ta wuni a zaune ba wanda ya sayi ko ashana, har ta rufe. Yaransa suka daina zuwa makaranta. Ita kanta Mama, wata mata da ta shekara goma tana kawo mata ɗinki ta aiko a karɓo mata yadinta ba a ko yanka ba. Mama ta ninke shi da kyau ta sa a leda ta bayar. Ta san matar ta rasa ƙaninta a tarago na biyu.

An dawo da Dogo asibitin garinsu. Mama ta raba yininta biyu. Da safe ta kai masa abinci, ta zauna tana kore masa ƙuda yana kallon silin. Da yamma ta dawo ta yi wa Lele wanka, ta ajiye wa Auta abincin da za ta ɗauke da safe kusan yadda ta ajiye shi. A asibiti Dogo kan tambaye ta, "Yaya Auta yake?" sai ta ce yana nan lafiya. A gida Auta bai taɓa tambayar ina ta je ba. In ta shigo da kwandon asibiti sai ya mai da idonsa wani wuri.

Lele ce kawai ba ta san ana tsoron wata magana ba. An gaya mata mamanta ta rasu, ta gyaɗa kai kamar ta gane. Bayan kwana biyu ta zo ta jingina da gwiwar Mama tana ɗinki ta ce, "Kaka, in Nas ta gama rasuwar za ta wuce kwas ɗin ne, ko gida za ta dawo?" Mama ta taka keken da ƙarfi har ɗinkin ya karkace.

Damina ta wuce kafin kwamitin binciken da aka kafa ya gama aikinsa. Mama tana kicin ta ji ana karanta sakamakon a rediyo. A ƙarƙashin tudun nan akwai kwalbatin da ruwa ke bi ya wuce, kuma ya daɗe a toshe da yashi da shara. A da akwai ma'aikatan da ke bin layi a ƙafa suna dubawa, amma kamfanin ya rage su, har ya zama tun farkon damina ba wanda ya taka wannan yankin. Ruwa ya taru a gefe ɗaya kamar tafki, ya yi ta cin ƙasar a hankali, a daren da aka yi ruwan ƙarshe ya tafi da ita. Na'urar da ke cikin kan jirgin ta nuna direban bai wuce gudun da aka yarje masa ba, kuma ya taka birki da zarar ido zai iya hango wurin, tunda a bayan kwana yake. Aka ce an sauke wasu manyan jami'ai daga muƙamansu.

Mama ta bar tukunya a wuta, ta ratsa tsakar gida da sauri. Auta yana zaune a bakin gado yana duba takardun jarrabawar ɗalibansa.

"Ka ji? Ka ji abin da suka ce?"

"Na ji, Mama."

"To ai ka ga ba laifin ɗan'uwanka ba ne."

Ya ajiye biron. "Na sani. Tun ranar na sani. Ai na ga layin da idona, ko waye a gaban jirgin nan abin da zai faru ke nan."

"To me ya hana ka zuwa ka duba shi? Wata nawa yanzu?"

"Mama, ba fushi nake da shi ba. Wallahi da fushi ne da ya fi min sauƙi. In na tuna fuskarsa sai in ji muryarsa yana cewa ta bar motar. Na riga na yi magana da mai motar nan, Mama. Motar ta isa lafiya. Na tambaya."

"Ni ce na yanke maganar," in ji ta. "In akwai wanda za ka daina kallo, ai da ni ya kamata ka fara."

Ya ɗago ya dube ta, idanunsa sun kaɗa. "Ke ma da kyar nake iyawa," ya ce.

Ta tsaya kamar an dasa ta. Sai warin ƙonewar abinci ya iso su, ta juya ta fita. A kicin ta sauke tukunyar, ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar jana'iza.

Mutanen gari suka dawo da gaisuwa kamar ba abin da ya faru. Shagon matar Dogo ya buɗe, ɗinki ya dawo wa Mama. An sallami Dogo da sanda, ƙafar ta warke amma ta gajarce, kuma likita ya ce ya gama tuƙi. Kamfanin ya ba shi tebur a ofishin tasha. Shi da a da muryarsa ke riga shi shiga gida, yanzu sai ka matso kafin ka ji abin da yake faɗa.

Wata ranar hutu da hantsi ya sauka daga tasi a ƙofar gidan, karo na farko tun hatsarin. Ya zauna a falo, ya miƙe ƙafar a kan ƙaramar kujera.

"Mama, ki kira min shi. Akwai saƙon da ke wuyana, na gaji da ɗaukarsa. Ko bai dube ni ba, ya dai ji."

Ta je ta tsaya a ƙofar Auta. "Ban taɓa tilasta maka komai ba tun da abin nan ya faru," ta ce. "Yau na tilasta. Taso."

Ya zo ya tsaya a bakin ƙofar falon, ya jingina da bango, idonsa a kan siminti. Dogo bai gaishe shi ba, ya san gaisuwar ba za ta samu amsa ba. Ya fara kawai.

"Ni na sa ta a taragon farko, don kujerunsa sun fi kyau. Da muka sha kwanar na hango ruwa yana ƙyalli a inda bai kamata ba, na taka birki, na san ba zai isa ba. Ban san lokacin da muka faɗi ba. Manoma ne suka jawo ni, suka kwantar da ni a kan ciyawa. Can sai suka kawo ta suka ajiye kusa da ni. Tana da rai, Auta. Tana magana."

Auta ya ɗago kai.

"Ba jini a jikinta ko kaɗan, sai na ɗauka ta tsira. Ita ce ma ta ga ƙafata, ta kira wani manomi ta ce ya cire bel ɗina ya ɗaure min cinya, tana gaya masa inda zai ɗaure, tana masa faɗa wai bai ja da ƙarfi ba. Likita ya ce ba don ɗaurin nan ba da ban kai asibiti ba. Daga nan ta juyo da kai ta dube ni, ta ce, 'Yaya, ƙwan naka dai ya fashe.' Tana dariya."

Wani sauti ya kuɓuce wa Auta, tsakanin dariya da shaƙewa. Ya toshe bakinsa da bayan hannu.

"Na ce ta yafe min. Ta ce in daina shirme, ba ni na yi ruwan sama ba. Sai na ga leɓɓanta sun yi fari. Ta dafa cikinta ta ce a ciki ne jinin yake zuba, ta san irinsa. Motocin asibiti kuma ba su da hanyar isowa. Ta ce in gaya maka ka riƙa cin abinci, wai in ranka ya ɓaci mantawa kake yi kana da ciki. Ta ce Lele ba ta son a ja mata gashi, a jiƙa shi tukuna kafin a taje. Ta ce in yi ta yi mata magana kada ta yi barci. Ban san me zan ce ba, sai na yi ta lissafa mata tashoshin da suka rage mu isa birni. Ina faɗa tana cewa to. Ina faɗa tana cewa to. Har na faɗi wata ban ji ta amsa ba."

A waje wani mai gyaran takalmi ya wuce yana buga akwatinsa.

Auta ya zame a jikin bango har ya zauna a ƙasa. "Ta ji zafi?" ya tambaya.

"Ban sani ba. Ba ta nuna min ba."

"Ba za ta nuna ba," in ji Auta. Ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa suka fara rawa. Dogo ya lalubi sandarsa zai tashi ya je gare shi, Mama ta riƙe masa hannu ta girgiza kai. Suka bar shi ya yi kukansa. Da ya gama ya share fuska da gefen riga, ya miƙe, ya ce, "Na gode da ka faɗa min," ya koma ɗakinsa.

Mama ta sa rai daga nan komai zai koma daidai. Bai koma ba. Auta ya fara cin abinci, ya kan amsa gaisuwar yayansa in sun haɗu, har sau ɗaya ya raka shi ya tare masa tasi. Amma zaman gidan ya gagare shi. Daga ɗakinsa ana jin kukan jirgin safe in zai bar tasha, kuma tun da aka gyara layin Mama ta lura kullum kafin lokacin yake ficewa. Da zangon karatu ya ƙare ya gaya mata ya nemi canji zuwa wata makaranta a wani gari mai nisa, kusa da iyayen Nas, kuma an ba shi. Da Lele zai tafi.

Ta so ta ce ya bar mata yarinyar. Ta dubi yadda ya rame, ta haɗiye maganar. "Allah ya sa hakan ne alheri," ta ce.

Ranar tafiya aka kawo babbar mota. Dogo ya zo tun da wuri, duk da ba abin da zai iya ɗauka. Ya zauna a kan wani kwali ya ɗora Lele a kan lafiyayyar ƙafarsa, tana wasa da sandarsa, shi kuma yana gaya wa masu lodi yadda za su jera kaya kada madubi ya fashe. Da aka gama, Auta ya durƙusa ya yi wa Mama sallama, ta dafa kansa ta sa masa albarka. Ya miƙe ya je ya ɗauki Lele daga cinyar yayansa. Suka tsaya suna fuskantar juna.

"Ka kula da Mama," Auta ya ce.

"In sha Allah. In kun isa ka kira."

"Zan kira."

Motar ta tashi. Lele ta fito da hannu ta taga tana ɗagawa, tana ihun a gaya wa kyanwar maƙwabta ta tafi. Dogo ya dogara da sandarsa a bakin titi yana kallo har suka sha kwana, bai motsa ba.

"Shigo ciki, rana ta yi zafi," in ji Mama.

"Bari dai tukuna."

Ta shiga ta fito masa da kujera, ta koma ta ɗauko wata ta ajiye kusa da tasa, suka zauna a inuwar katanga.